Ban Ta Klang: Ƙauyen Masu Giwaye na Ƙasar Tailan

Gabatarwa

A ƙasar Hausa giwa dabbar dawa ce. Mun san ta a tatsuniya da karin magana da kirarin sarakuna, inda akan kira jarumi toron giwa, amma babu wanda zai yi tunanin ɗaure ta a bayan ɗaki kamar yadda ake ɗaure saniya ko jaki. Saboda haka mai karatu zai iya mamaki idan ya ji cewa akwai wani ƙauye a nahiyar Asiya inda magidanci kan yi wa giwarsa rumfa a jikin gidansa, ya tashi da asuba ya yanko mata ciyawa, ya kai ta wanka kogi, idan kuma ya tsufa ya bar wa ɗansa ita gado. Sunan wannan ƙauye Ban Ta Klang, kuma ana ɗaukarsa a matsayin matattara mafi girma ta giwayen gida a ƙasar Tailan.

Mun ga ya dace mu kawo bayaninsa dalla-dalla, domin a ƙasidun tallar yawon buɗe ido akan nuna shi a matsayin wurin da mutum da dabba suke zaune lafiya cikin daji mai albarka. Zaman tare gaskiya ne. Dajin kuwa, kamar yadda za mu gani, shi ne abin da ya yi ƙaranci, kuma ƙarancinsa ne ya tsara kusan duk abin da ya faru da ƙauyen cikin shekaru sittin da suka wuce.

Inda ƙauyen yake

Ban Ta Klang yana cikin yankin Krapho na gundumar Tha Tum, a lardin Surin da ke arewa maso gabashin Tailan, ɓangaren da mutanen ƙasar ke kira Isan. Tsakaninsa da birnin Surin, hedkwatar lardin, kimanin kilomita 58 ne ta wajen arewa, shi kuma birnin Surin yana da nisan sama da kilomita 400 daga Bankok, babban birnin ƙasar. Lardin ya yi iyaka da ƙasar Kambodiya ta kudu, inda jerin tsaunukan Dangrek suka raba ƙasashen biyu.

Yankin fili ne shimfiɗaɗɗe na noman shinkafa, ya kuma shahara da shinkafar nan mai ƙamshi da ake kira Hom Mali da kuma saƙar alharini. Damina takan fara ne wajen watan Mayu ta ƙare a Oktoba, sannan a shiga sanyi, daga baya a shiga bazara mai tsananin zafi a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ƙasa kan bushe ƙwarai. Ba da nisa da ƙauyen ba kogin Mun ya haɗu da rafin Lam Chi a wani wuri da ake kira Wang Thalu. Wannan mahaɗa, da fadamun da ke kewaye da ita, su ne suka sa wurin ya dace da kiwon giwa tun farko, domin dabba ce da ba ta iya nisa da ruwa.

Mutanen Kui

Mazauna ƙauyen 'yan ƙabilar Kui ne. Harshensu ba dangin harshen Tai ba ne, ya fi kusa da harshen Khmer na Kambodiya, kuma akwai 'yan'uwansu a kudancin Lawos da arewacin Kambodiya. Ma'anar kalmar Kui a harshensu ita ce mutum. Maƙwabtansu sun daɗe suna kiran su Suwai, kalmar da ke da nasaba da harajin da suka riƙa kai wa fadar sarki a zamanin da, sai dai su kansu sun fi son a kira su da sunan da suka raɗa wa kansu. Ba dukan Kui ne masu giwa ba. Mafi yawansu manoma ne, wasu kuma a da maƙera ne. Masu giwa rukuni ne na musamman a cikinsu, waɗanda suka taru a Ban Ta Klang da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi.

Tarihin kafuwar lardin Surin kansa yana jingine da giwa. Riwayar da hukumomin lardin ke bayarwa ita ce, a ƙarshen zamanin daular Ayutthaya, wajen tsakiyar ƙarni na 18, wata farar giwa ta tsere daga fadar sarki ta nufo wannan yanki, sai shugabannin Kui suka taimaka aka kamo ta. A kan haka aka naɗa su sarautu, cikinsu har da wani mai suna Chiang Pum wanda aka ba sarautar Luang Surin Phakdi. A shekarar 1786, zamanin Sarki Rama na Ɗaya, aka sa wa garin suna Surin daga wannan laƙabi. Ya kamata a lura cewa farar giwa alama ce ta mulki a wannan ƙasa, har ma hotonta ya kasance a kan tutar Siyam, tsohon sunan Tailan, kafin a sauya tutar a 1917.

Yadda ake kamun giwa a da

A nan za mu ɗan tsaya, domin wanda bai fahimci tsohuwar sana'ar kamu ba, ba zai gane abin da yake gani a ƙauyen a yau ba.

Sarakunan Ayutthaya suna kama giwaye ta hanyar kora garke guda zuwa cikin wani ƙaton shinge na gumagumai. Hanyar Kui dabam ce, kuma ta fi haɗari. Mazaje kan fita a ayari bisa horarrun giwayensu, su ƙetara tsaunukan Dangrek zuwa dazuzzukan Kambodiya, su yi wata biyu ko uku ba su dawo ba. Kowace giwa tana ɗauke da mutum biyu: gwani a kan wuya, mataimaki a gadon baya. Idan aka riski garke sai a kutsa cikinsa a guje, gwani ya zura wa ƙafar baya ta wadda ya zaɓa zarge da ke ƙarshen wata doguwar gora, a saki igiyar ta ja har a samu damar ɗaure ta a jikin bishiya. Sukan fi son matasan giwaye, domin su ne ke karɓar horo da sauƙi.

Igiyar da ake wannan aiki da ita ana kiranta pakam, kuma da fatar ɓauna ake tufka ta. A bisa imanin Kui, ruhohin kakanninsu da na malaman sana'ar suna zaune a cikinta, saboda haka ba a ajiye ta ko'ina sai a wani ɗan ɗaki da ake ginawa a kan dirkoki kusa da gida, kuma al'ada ta hana mata taɓa ta. Kafin a fita akan kai wa wannan ɗaki dafaffiyar kaza da giyar shinkafa, a zare ƙashin haɓar kazar a duba, daga yadda ya lanƙwasa suke hukunta ko tafiyar za ta yi kyau. Har yau iyalai masu giwa suna yin wannan hidima kafin su yi doguwar tafiya da dabbarsu ko su yi biki.

Masu kamun suna da matakai na girma, ana hawa daga wannan zuwa wancan gwargwadon yawan giwayen da mutum ya kama. Na ƙasa shi ne mataimaki, na ƙoli kuma ana ce masa Khru Ba Yai, wanda maganarsa ce doka a daji. Da zarar ayari ya shiga daji sai a daina magana da harshen gida, a koma wani harshe na musamman da ba a amfani da shi sai a wurin kamu. Matan da aka bari a gida su ma suna da nasu sharuɗɗan, kamar barin yanke gashi da ƙin saukar da baƙo ya kwana, don a ganinsu saɓa ɗaya daga ciki zai iya jawo wa maigida faɗowa daga kan giwa. Duk wanda ya san tsarin farauta ko na su a ƙasarmu, da sarkinsu da sirrinsu da abubuwan da suke ƙi, ba zai ga wannan baƙon abu ba.

Wannan sana'a ta mutu ne daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960, lokacin da dangantaka ta lalace tsakanin Tailan da Kambodiya a kan wurin bautar Preah Vihear, shari'ar da Kotun Duniya ta yanke wa Kambodiya a 1962. An rufe iyaka, daga baya yaƙe-yaƙen Kambodiya suka cika tsaunukan da nakiyoyi, dokokin kare namun daji kuma suka haramta kamun baki ɗaya. Dattawan da suka taɓa fita kamu da kansu sun kusa ƙarewa. Giwayen da ke ƙauyen a yanzu haifaffun gida ne ko kuma sayo su aka yi daga wasu sassan ƙasar.

Horo da kiwo

Giwar Asiya ta bambanta da tamu ta Afirka. Ta fi ƙanƙanta, kunnuwanta ba su kai na tamu faɗi ba, a ƙarshen hancinta akwai ɗan yatsa ɗaya maimakon biyu, kuma wasu daga cikin toraye ne kaɗai ke da dogon haure. Takan ɗauki ciki na wata 18 zuwa 22, ta haifi ɗa guda, tana kuma iya rayuwa shekara 60 zuwa 70. Wannan tsawon rai ne ya sa giwa ɗaya kan yi zamani da uba da ɗa, wani lokaci har da jika. Akan ce giwar Afirka ba ta horuwa, amma wannan ba daidai ba ne, domin Turawan Beljiyam sun horar da ita a Api da Gangala-na-Bodio a ƙasar Kwango a ƙarni na 20. Abin da Afirka ba ta da shi shi ne al'ummar da ta gaji sana'ar kaka da kakanni kamar Kui.

Ɗan giwa yakan zauna da uwarsa shekara biyu zuwa uku, sannan a raba su a fara koya masa. Da farko zai saba da igiya da sarƙa a ƙafa, ya saba da mutum a kan wuyansa, ya koyi tsayawa da durƙusawa da ɗaga ƙafa da ɗauko abu da hanci. Mai giwa yana zama ne a kan wuya, yana ba da umarni da murya da kuma taɓa bayan kunne da yatsun ƙafa. A hannunsa akwai sanda mai ƙugiyar ƙarfe a kai. Gwanaye na cewa wanda ya iya aikinsa ba safai yake sukar dabba da ita ba, riƙe ta yake yi don ranar da rai ke cikin haɗari. Ba kowa ne gwani ba, kuma tabon da ake gani a goshin wasu giwaye shaida ne a kan haka.

Babban abin tsoro shi ne toro idan ya balaga. Kusan kowace shekara yakan shiga wani yanayi na haukan sha'awa, wani ruwa mai maiƙo ya riƙa tsatsowa daga tsakanin idonsa da kunnensa, ya daina jin maganar kowa, har mai shi yana iya kashewa. A irin wannan lokaci, wanda kan ɗauki makonni ko watanni, ɗaure shi ake yi nesa da jama'a.

Sai batun ci, wanda shi ne tushen matsalar. Babbar giwa tana cin kilo 150 zuwa 200 na ciyawa da ganye a kowace rana, ta sha ruwa sama da lita 100. A da, da maraice akan sake ta a daji da doguwar sarƙa ta yi kiwo da kanta, da safe a bi sawu a ɗauko ta. Yanzu dole mai ita ya shuka ko ya saya: wata doguwar ciyawa mai kama da rake wadda asalinta ma daga Afirka take, da ganyen abarba, da kututturen ayaba, da rake. Wannan aiki ba ya da ranar hutu, ba ya kuma jiran a samu kuɗi.

Daga daji zuwa titunan Bankok

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka jefa masu giwa cikin ƙunci. Na farko, dajin da ke kewaye da ƙauyen ya riƙa raguwa, aka mayar da shi gonakin shinkafa da rogo da rake, wasu wuraren kuma aka shuka bishiyar turare don sayar wa masana'antu, bishiyar da giwa ba ta ci, kuma take shanye ruwan ƙasa. Na biyu, a watan Janairu na 1989 gwamnatin Tailan ta haramta saran katako a dazuzzukan ƙasar, bayan mummunar ambaliya da zaftarewar ƙasa da suka kashe ɗaruruwan mutane a kudancin ƙasar a watan Nuwamba na 1988. Hukunci ne mai kyau ga daji, amma jan gumagumai shi ne babban aikin giwayen gida, sai aka wayi gari dubbansu ba su da abin yi.

Masu giwa na Surin da yawa sai suka kama hanyar birane. A shekarun 1990 da farkon na 2000 ba abin mamaki ba ne a ga giwa da dare a tsakiyar cunkoson motocin Bankok, an ɗaura mata faifan garmaho na zamani mai ƙyalli a wutsiya don direbobi su hango ta, mai ita yana sayar wa masu wucewa ƙullin rake ko ayaba su ba ta. Bara ce da wani suna. Motoci sun buge wasu, wasu sun faɗa magudanan ruwa, kwalta mai zafi ta lalata tafin ƙafar wasu. A 2010 hukumar birnin Bankok ta tsaurara doka, har ta sa tarar da za ta iya kai baht 10,000 a kan wanda ya sayi abinci ya ba giwa a titi.

Korar su daga birni ba ta amsa tambayar inda za su je ba. A kan haka ne hukumar mulkin lardin Surin ta ƙaddamar da shirin mayar da giwaye gida a tsakiyar shekarun 2000, inda ake ba mai giwa albashin wata-wata da wurin zama a Cibiyar Nazarin Giwaye da ke Ban Ta Klang, bisa sharaɗin ba zai koma yawo a titi ba. Hukumar gidajen namun daji ta ƙasar ita ma ta buɗe nata shirin a dajin Dong Phu Din da ke kusa. Sashen kula da dabbobi na gwamnati yana da asibitin giwaye a lardin. Da waɗannan matakai ne adadin giwayen ƙauyen da kewayensa ya haura 200.

Ta fuskar doka akwai wani abu da ke ɗaure wa baƙo kai. Giwar daji dabba ce mai kariya, amma giwar gida tana ƙarƙashin Dokar Dabbobin Sufuri ta 1939, wadda ta jera ta tare da doki da jaki da alfadari da saniya da ɓauna. Ma'ana, dukiya ce da ake saye da sayarwa da takardar shaida, kuma farashin guda yakan kai baht miliyan ɗaya ko fiye. Wannan rata ce masu fasa-ƙwauri suka riƙa bi suna shigo da 'ya'yan giwayen daji daga Bama su yi musu rajista kamar haifaffun gida, har sai da gwamnati ta tilasta ɗaukar bayanan ƙwayoyin halitta na kowace giwar gida daga 2016. Kafin nan an kafa dokar hana zaluntar dabbobi a 2014 da dokar hauren giwa a 2015. A yanzu ana ƙiyasta giwayen gida a Tailan da kimanin 3,800, adadin da ya yi kusa da na waɗanda ke daji, alhali a farkon ƙarni na 20 an yi ƙiyasin na gida kaɗai sun kai 100,000.

Abin da baƙo zai tarar

A Cibiyar Nazarin Giwaye ana yin wasa sau biyu a rana, da hantsi da kuma bayan azahar, inda giwaye ke buga ƙwallo, su yi zane da buroshi, su nuna yadda ake hawa da sauka. Akwai hawan giwa, da ba ta abinci, da raka ta wanka, da wurin da ake sarrafa kashinta a yi takarda. Masu son kwana suna iya sauka a gidajen mutanen ƙauye. A shekarar 2020 aka kammala manyan gine-gine na wani shiri da ake kira Duniyar Giwa, waɗanda mai zanen gine-gine Boonserm Premthada ya tsara: filin taro mai ƙaton rufi, da hasumiyar hangen nesa, da gidan tarihi wanda aka gina da jan bulo sama da 480,000 da aka yi da hannu daga ƙasar yankin.

Bikin da ya fitar da sunan Surin a duniya shi ne taron giwaye na shekara-shekara. An fara shi a gundumar Tha Tum a 1960, ba da daɗewa ba aka mayar da shi birnin Surin, kuma ana yin sa a mako na uku na watan Nuwamba. Ana nuna yadda ake kamu a da, da yaƙin sarakuna bisa giwaye, da jan igiya tsakanin giwa ɗaya da tarin mazaje. Ana kuma shimfiɗa wa giwayen walimar kayan marmari a kan titi. Ta shekarar 2003, wadda giwaye 269 suka halarta, ta shiga kundin bajinta na Guinness.

A ganinmu bikin da ya fi nuna ainihin ƙauyen shi ne wanda ake yi a cikinsa wajen watan Mayu, kwana uku kafin wata ya cika. Samarin da za su shiga zaman ibada na addinin Buddha akan aske musu kai, a yi musu ado, a ɗora su bisa giwaye da aka yi wa zane a jiki, a yi jerin gwano daga wurin bautar Wat Chaeng Sawang zuwa mahaɗar Wang Thalu. Wannan ba don baƙi aka ƙirƙiro shi ba, ko da yake yanzu suna zuwa kallo. Ɗaurin aure a kan giwa da ake shiryawa ranar 14 ga Fabrairu kuwa, tallar yawon buɗe ido ta fi yawa a cikinsa.

Mai niyyar zuwa ya fi kyau ya zaɓi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin sanyi. Ya kuma bincika halin tsaro, domin a 2025 sojojin Tailan da na Kambodiya sun gwabza faɗa a kan iyakar kudancin lardin, ko da yake ƙauyen yana can arewa nesa da wurin.

Shin yawon buɗe ido na kare muhalli ne?

Nan ne ra'ayoyi suka rabu, kuma wajibi ne mu kawo ɓangarorin biyu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi suna cewa giwar da ke buga ƙwallo ko ɗaukar mutane a kujera ba ta kai ga hakan ba sai da aka raba ta da uwarta aka karya mata zuciya tun tana ƙarama. A 2020 ƙungiyar World Animal Protection ta fitar da hoton bidiyo na irin wannan horo a Tailan, wanda ya tayar da ƙura a duniya, kuma kamfanonin tafiye-tafiye da dama na Turai da Amurka sun daina sayar da tikitin hawan giwa. Baƙon da ya zagaya bayan filin wasa a Ban Ta Klang zai ga da idonsa cewa giwaye da yawa suna shafe mafi yawan yini a ɗaure da gajeriyar sarƙa, wasu suna ta kaɗa kai gaba da baya, alamar da masana ke dangantawa da ƙunci.

Masu giwa suna da tasu hujjar, kuma ba ta wasa ba ce. Giwa 3,800 ba za su saku cikin daji ba, domin dajin da ya rage ma giwayensa suna fita suna cinye gonaki, ana asarar rayuka a kowace shekara. Sarƙa kuwa, a ƙauyen da gonar shinkafar maƙwabci take taku kaɗan daga rumfar giwa, ita ce ke hana rigima da biyan diyya. Haka nan ba duk abin da ya yi wa baƙo daɗin gani ne yake da amfani ga dabbar ba. Binciken likitocin dabbobi na Jami'ar Chiang Mai ya nuna cewa giwayen da baƙi ke ɗura wa ayaba da rake, ba sa kuma tafiya sosai, sukan yi ƙibar da ke cutar da lafiyarsu.

An gwada wata hanya ta tsakiya a ƙauyen. Gidauniyar da Saengduean Chailert ke jagoranta, matar da aka fi sani da Lek, ta kawo wani shiri inda baƙi ke biyan kuɗi su zauna mako guda, su yanki ciyawa, su shuka abincin giwa, su bi giwaye a ƙasa zuwa kogi ba tare da hawa ko wasa ba, a biya masu giwar don su kwance sarƙa na wasu sa'o'i. Giwaye kaɗan ne suka amfana idan aka kwatanta da yawan na ƙauyen, kuma dalilin a bayyane yake: ko an kwance su, filin da za su yi yawo bai wadata ba. Namu hukuncin shi ne, kiran wurin da sunan kare muhalli zai tabbata ne gwargwadon yawan dajin da aka farfaɗo da shi a Dong Phu Din da bakin kogin Mun. Gidan tarihi, komai kyansa, ba ya ciyar da giwa.

Mai karatu da ya san gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi zai ga bambancin a fili. A Yankari, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 2,200, giwaye na daji ne, baƙo yana shiga da mota yana fatan ya dace da ganinsu, matsalar kuma ita ce mafarauta da ɓarnar da giwayen ke yi wa gonakin ƙauyukan kewaye. A Ban Ta Klang ganin giwa tabbas ne ga duk wanda ya zo, abin da za ta ci gobe shi ne abin tunani.

Annobar korona ta nuna raunin dogaro da baƙi. A 2019 mutane kusan miliyan 40 suka ziyarci Tailan, a 2021 kuwa ba su kai rabin miliyan ba. Sansanonin giwaye na Pattaya da Phuket da sauran wuraren shaƙatawa suka rufe, masu giwa 'yan asalin Surin da ke aiki a can suka loda dabbobinsu a manyan motoci suka dawo gida, ƙauyen ya cika da bakunan da ba a yi tanadin ciyar da su ba. Abin da ya ceci iyalai da yawa shi ne wayar hannu. Sukan kafa ta a gaban rumfa su riƙa watsa hoton giwarsu kai-tsaye ta Facebook da YouTube da TikTok, masu kallo su aiko da kuɗin kwandon ayaba, a ba giwar a gaban idonsu tare da ambaton sunan wanda ya saya. Bayan an buɗe iyakoki wasu sun koma sansanonin, wasu kuma sun ci gaba da wannan sana'a daga gida.

Maƙabartar giwaye

A wurin bautar Wat Pa Achiang, kusa da ƙauyen, akwai maƙabartar da aka keɓe wa giwaye, wadda wani malamin addinin Buddha ɗan yankin ya assasa a tsakiyar shekarun 1990. Idan giwa ta mutu akan binne ta a gona ko inda ta faɗi, bayan shekara biyar ko fiye a tono ƙasusuwan, a yi musu addu'o'i irin na addininsu, a kawo su nan. Kaburburan sun haura 100, an jera su sahu-sahu a ƙarƙashin bishiyoyi, kowanne an rufe shi da murfin siminti mai siffar hular mayaƙan da, tunawa da zamanin da giwaye ke ɗaukar sarakuna zuwa fagen fama. Iyalan da suka yi kiwonsu sukan zo ziyara da ayaba da rake su ajiye a kan kabarin, musamman a ranar 13 ga Maris, wadda gwamnatin Tailan ta keɓe tun 1998 a matsayin ranar giwa ta ƙasa.